Dottie West: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ita ce ta mutu a hatsarin jirgin sama?

A'a. Wannan mawaƙiya Patsy Cline ce, ƙawarta, a 1963. Sau nawa zan faɗa? Dottie mota ce ajalinta, a 1991.

To wace ce ita?

Mawaƙiyar kiɗan kantiri ce (salon kiɗa mai asali daga karkarar Amurka), 'yar jihar Tennessee a Amurka, an haife ta a 1932, babbar 'ya cikin yara goma a gidan talakawa. A 1965 ta zama mace ta farko a wannan fanni da ta ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka. In kana sauraron Kenny Rogers, da wuya a ce ba ka taɓa jin muryarta ba, don sun yi waƙoƙi tare a ƙarshen shekarun 1970.

Me ya kai shahararriya irinta shiga motar maƙwabci?

Don Allah ku daina yin wannan tambayar da sigar raini. Karayar arziki ta same ta a 1990, bashin haraji ya yi mata katutu, aka yi gwanjon kayanta. Ranar 30 ga Agusta 1991 tana kan hanyar zuwa wasa a Grand Ole Opry, shahararren dandalin kiɗan kantiri da ke birnin Nashville, motar da Kenny Rogers ya ba ta ta mace a titi. Wani dattijo maƙwabcinta mai shekara 81 ya tsaya ya rage mata hanya. Lokaci ya ƙure, ya sha kwana da gudun kusan mil 55 a awa a wurin da aka ƙayyade 25, motar ta ƙwace masa ta yi sama ta faɗo.

An ce ba ta ji ciwo sosai ba, ya aka yi ta rasu? Wanda ya ce lafiyarsa ƙalau ma sai an kai shi asibiti?

Wannan ce tambayar da ta kamata ku fara yi. Dottie ba ta ɗauka raunin ya yi tsanani ba, har cewa ta yi a fara duba dattijon. Ashe saifarta ta fashe, hanta ta tsage, jini na zuba a ciki ba wanda ya gani. Ba ina nufin duk wanda ya yi hatsari haka cikinsa yake ba. Da yawa kurjewa ce kawai da tsamin jiki. Amma ido ba ya tantancewa, kuma firgici kan danne zafin ciwo na ɗan lokaci, mutum ya miƙe yana ta magana. Idan an yi gudu, ko ciki ya bugu, ko bel ɗin kujerar mota ya bar shaida a jiki, a kai shi asibiti. Idan aka ga jiri, gumi mai sanyi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, kada a tsaya shawara, kada kuma a ɗura masa ruwa ko abinci, wataƙila tiyata za a yi. Zuwa asibitin ma ba tabbacin tsira ba ne: ita an kai ta asibitin jami'ar Vanderbilt, an yi mata aiki sau biyu, ana cikin na uku rai ya yi halinsa ranar 4 ga Satumba. Duk da haka gara a je a ce ba komai.

Shekarunta nawa?

58.

An manta da ita ke nan?

Kwantar da hankalinka. An yi jinkiri ƙwarai, abin yana mini ciwo, amma a 2018 an shigar da sunanta zauren karrama gwanayen kiɗan kantiri da ke Nashville, shekara 27 bayan rasuwarta.