Gini a duniyar Second Life

Second Life duniya ce ta intanet mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda kamfanin Linden Lab na birnin San Francisco a Amurka ya buɗe ranar 23 ga Yuni, 2003. Philip Rosedale ne ya kafa kamfanin a 1999. Mutum na shiga ne da surar da ya tsara wa kansa, ya yi yawo, ya yi hira, ya kama fili. Ba a cin maki a cikinta, ba kuma wani mataki da ake tsallakewa. Masu shigarta "mazauna" ake ce musu, kuma sunan ya dace, domin kusan duk abin da ido ya gani a wurin, daga gidaje da gadoji har tufafi da gashin kai, su suka ƙera shi.

Tubalin ginin shi ne abin da suke kira prim: siffa ce guda ɗaya kamar akwati, ƙwallo, bututu ko zobe. Magini yakan ajiye akwatin a ƙasa, fatarsa kamar katako, ya miƙe shi ya zama bango, ya huda tsakiyarsa ya zama taga, ya murɗa wani ya zama matakala, sannan ya lulluɓe su da hoton bulo ko na ƙarfe. Duk wannan a bainar jama'a ake yinsa. Mai wucewa na iya tsayawa ya ga yadda bangon ke tashi, ya yi tambaya, har ya sa hannu idan an ba shi izini, kuma ta haka da yawa daga maginan farko suka koyi aikin. Wanda ba shi da fili yakan je dandalin gwaji na kowa da kowa, inda ake share kayan bayan wasu sa'o'i. Idan ana so ƙofa ta buɗe ko jirgi ya tashi, sai a rubuta masa umarni da LSL, harshen kwamfuta na wannan duniyar. A 2011 aka fara shigo da siffofin da aka ƙera a manhajoji irin su Blender. Kaya sun ƙara kyau sosai, amma aikin ya koma kwamfutar mutum shi kaɗai, kuma tsofaffin mazauna da yawa suna ganin an yi asarar ginin gayya. Kukansu na da tushe.

An raba ƙasar yanki-yanki, kowanne mita 256 tsawo da 256 faɗi, kuma kowane fili da iyakar kayan da zai ɗauka. Da farko har haraji ake biya a kan kayan da aka gina, sai mazauna suka yi bore a 2003, aka janye shi. A watan Nuwambar shekarar kamfanin ya bar wa kowa haƙƙin mallakar abin da ya ƙera. Wannan shawara ita ta haifar da kasuwa: maƙeri ne ke yanke ko za a iya kwafar kayansa, gyara su, ko ba wa wani, kuma ana canza dalar Linden, wato kuɗin cikin duniyar, zuwa dalar Amurka. A 2006 Ailin Graef, wadda aka sani da Anshe Chung, ta bayyana cewa dukiyarta ta filaye a ciki ta kai dala miliyan ɗaya. A wannan shekarar kuma wata manhaja mai suna CopyBot, mai kwafar kaya ba izini, ta sa masu shaguna da dama suka rufe don nuna fushi.

Ba duka gini ne na ciniki ba. A 2007 Maldibs da Suwidin sun buɗe ofisoshin jakadanci, shafin IslamOnline kuma ya gina kwatankwacin Makka don koya wa maniyyata ayyukan Hajji. Akwai tsibirin Virtual Ability na masu buƙata ta musamman, da taron Relay For Life mai tara kuɗin yaƙi da ciwon daji tun 2005.

Abin da mazauna ke rubutawa game da kansu ya fi karkata ga ƙananan gine-gine: wani ya sake gina gidan da ya girma a ciki, wata ta kafa lambun tunawa da ƙawarta da ta rasu, wanda ciwo ya zaunar ya samu wurin rawa da karɓar baƙi. Masanin halayyar al'umma Tom Boellstorff, wanda ya yi bincikensa a cikin duniyar ya kuma wallafa shi a 2008, ya nuna cewa zumuncin da ake ƙullawa a can na gaske ne a wurin masu shi. Shi ya sa rasa wuri ke da ciwo. Fili haya ne, kuma ranar da aka daina biya, ginin da aka shafe shekaru ana yi sai ya koma jakar ajiyar kayan mai shi a cikin manhajar, a wayi gari babu komai a gurbin. Kamfanin ya karɓi kaɗan daga fitattun wurare, kamar tsibirin Svarga, ya ci gaba da riƙe su. Sauran kuwa sai dai a hotuna da bidiyon da maziyarta suka ɗauka.