Tsofaffin Wasannin Bidiyo

Tsofaffin wasannin bidiyo, waɗanda aka fi sani a bakin matasa da tsohon gem, su ne wasannin da aka yi wa na'urorin da kamfanoni suka daina ƙerawa, musamman na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 2000, waɗanda har yau ake komawa ana buga su.

Atari 2600 ta fito a Amurka a 1977, amma na'urar da ta fi barin tasiri ita ce Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka da sunan NES a 1985. A wannan shekarar ne aka fitar da Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto, wanda gaba ɗaya nauyinsa kilobayit 40 ne, bai kai na hoto guda na wayar hannu ba. Wannan ƙarancin wuri shi ya tilasta wa masu tsara wasannin su yi aiki da tsantseni, har ta kai gajimare da ciyayin da ke cikin Mario zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Daga baya Mega Drive ta kamfanin Sega ta zo a 1988, sai PlayStation ta Sony a 1994, wadda ta yi amfani da faifan CD maimakon kaset.

A Kaduna, yawancin yaran wancan zamani ba ainihin na'urar Nintendo suka riƙe ba. Kwaikwayonta ne da ake shigowa da shi daga Sin da Taiwan, tare da kaset mai alkawarin wasanni dubbai, alhali 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa da sunaye daban-daban. A cikinsu akwai Battle City na tankokin yaƙi, da Duck Hunt na harbin agwagi, da Contra na kamfanin Konami, wanda ke da sirrin danna maɓallai da yara ke koya wa juna kamar karatu: sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai a samu rai 30. Wanda ba shi da na'ura a gida sai ya nufi gidan gem a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, inda ake zama a benci ana jiran layi, wanda aka cinye ya miƙa hannun gem ga na gaba. Idan kaset ya ƙi kamawa a zare shi a hura masa iska, kodayake danshin baki lalata ƙarafunan yake yi. Zarewa da mayarwar ce ke gyara lamarin.

Hanyar buga waɗannan wasanni da ta fi yaɗuwa a yau ita ce manhajar kwaikwayo, wadda ke sa waya ko kwamfuta ta yi aiki tamkar tsohuwar na'ura, sai dai sauke wasannin daga intanet ba da izini ba ya saɓa wa haƙƙin mallaka. Kamfanonin ma sun lura da kasuwar, domin Nintendo ta fitar da NES Classic Edition mai wasanni 30 a 2016, Sega kuma ta biyo da Mega Drive Mini a 2019.

Masu son ainihin na'urar su ke shan wahala. Bindigar wasa da ake buga Duck Hunt da ita ba ta aiki da talabijin shafaffiya ta zamani, dole sai tsohuwa mai doro, saboda da yanayin hasken gilashinta take gane inda aka saita. Kaset ɗin da ke ajiye matakin da mai wasa ya kai kuwa da ɗan ƙaramin batir yake dogara, kuma ranar da batirin ya mutu duk abin da aka tara ya tafi, sai mai gyaran rediyo ya buɗe ya liƙa wani da dalma.