Waiwaye: Yadda ciniki ya zagaye masu tsaron ƙofar teku

Tun ƙarshen 2023, da manyan jiragen dakon kaya suka fara ƙaurace wa Bahar Maliya saboda hare-haren da ake kai wa jirage, suna zagayawa ta kudancin Afirka, muhawara ba ta lafa ba. Wasu na cewa a ƙara jibge jiragen yaƙi a mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, wasu kuma na cewa duk wanda ya riƙe mashigin Hormuz, ƙofar Tekun Farisa, ya riƙe maƙogwaron duniya. Ana maganar kamar jiya aka fara ta, alhali an shafe shekara ɗari biyar ana wannan ja-in-ja a kan waɗannan ruwayen.

Farkon labarin sananne ne. A 1488 jiragen Fotugal suka zagaya ƙarshen Afirka, a 1498 Vasco da Gama ya isa Kalikut a Indiya. Cikin ɗan lokaci Goa ta faɗa hannun Fotugal a 1510, Malaka a 1511, Hormuz a 1515. Sun gwada Adan a 1513 ba su yi nasara ba, don haka ƙofar Bahar Maliya ta kasance a buɗe. A nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa, su ce daga ranar tsohuwar hanyar fatake ta mutu.

Ba ta mutu ba. Wajen shekarun 1560, masoro da kanumfari da kirfa sun dawo suna kwarara ta Jidda zuwa Iskandariya, har 'yan kasuwar birnin Benis na Italiya suna sayen kusan abin da suke saye kafin zuwan Fotugal. Dalilin yana cikin tsarin kansa. Abin da aka kafa a Tekun Indiya tsari ne na sayar da tsaro: jirgin ɗan kasuwa, Balarabe ko Ba'indiye, sai ya yanki takardar izini da ake kira kartas, ya tsaya a tashar da aka nuna masa, ya biya kuɗin fito. Wanda yake cin abinci daga kuɗin fito kuwa ba zai so hanya ta mutu ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Hormuz. Ɗan tsibiri ne na gishiri da duwatsu, ko ruwan sha mai daɗi babu, sai an yi dakonsa da kwale-kwale daga tsibirin Kishim da gaɓar Farisa. Duk da haka a nan dawakan Larabawa da na Farisa ke bi zuwa Indiya, a nan alharini da lu'ulu'u da tufafin Gujarat ke sauya hannu, ayarin Basara da na Halab kuma da kasuwarsa suka dogara. Kuɗin fiton da ake tarawa a wurin yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin Fotugal a duk gabas.

A 1622 aka ƙwace shi, kuma a ganina wannan ce shekarar da ya kamata masu muhawarar yau su tsaya su duba. Sarkin Farisa, Shah Abbas, yana da mayaƙa amma ba shi da jiragen yaƙi. Kamfanin Ingila na cinikin gabas, wanda aka kafa a 1600, yana da jirage da igwa, kuma yana neman alharinin Farisa. Sai aka ƙulla yarjejeniya irin ta 'yan kasuwa: a raba ganima, Ingilishi su riƙa shigo da kayansu ba haraji, su kuma karɓi rabin kuɗin fiton tashar Gombrun da ke gaɓa. Da Kishim aka fara, wato inda ruwan sha yake. Daga nan aka kewaye ganuwar Hormuz har na ciki suka miƙa wuya, bayan an haura shekara ɗari tana hannunsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Wanda ya ci tsibirin bai gaji arzikinsa ba. Kasuwar ta koma Gombrun, wadda aka sauya wa suna Bandar Abbas, garin Hormuz ya zama kufai. Babban cinikin kayan yaji zuwa Turai kuwa tun kafin a harba igwar farko ya riga ya fara barin yankin baki ɗaya. Kamfanin Ingila da na Holan, wanda aka kafa a 1602 da jarin gilda (kuɗin Holan) kusan miliyan 6.4, sun zo da wani lissafi daban. Kuɗin masu hannun jari ne, jiragen nasu ne, igwar da ke kare kayan tasu ce. Sun san nawa tsaro zai ci tun kafin jirgi ya tashi. Madugun ayari kuwa a kowane zango akwai mai jiransa da hannu a buɗe, bai san abin da za a ce ya biya bana ba. Hanyar zagayen Afirka ta fi tsawo, wata shida ko fiye a kan ruwa, amma kuɗinta yana lissaftuwa. Kafin shekarun 1620 su ƙare, masoron da aka sauke a Landan da Amsterdam ake mayarwa a sayar a tashoshin Bahar Rum, inda a da daga can yake fitowa.

Mu ma wannan zagayen ya taɓa mu. Da yawa daga kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa daga tsibiran Maldibs ya fito, ya zagaya Afirka a cikin jiragen nan zuwa Turai, sannan aka sauko da shi gaɓar Afirka ta Yamma.

Bahar Maliya ta sake farfaɗowa da gahawar tashar Moka ta Yaman, sannan da buɗe mashigin Suwez a 1869. Da aka rufe Suwez daga 1967 zuwa 1975, jirage suka koma zagaye, har aka riƙa ƙera tankokin mai masu girman da ya dace da doguwar hanya. Yau ma abin da mai jirgi ke fara tambaya kafin ya doshi Babul Mandab shi ne nawa inshorar yaƙi ta kai a wannan makon, ya auna ta da man kwana goman da zagaye zai ƙara masa. Ganuwar Fotugal kuwa tana nan a bakin tsibirin Hormuz, rabinta a rushe, hanyar tankokin mai kuma tana mashigin da ke kudu da tsibirin.