Rani ya shigo, mu yi maganar ɓera da zazzaɓin Lassa

Salamu alaikum jama'a. Duk sanda muka fita wayar da kai sai an tambaye mu, wai su waɗannan cututtukan daga ina suke ɓullowa ne, da can ba mu san su ba? To gaskiyar magana yawancin ƙwayoyin bairos ɗin nan suna nan tun tuni a jikin dabbobi, dabbar na yawonta lafiya lau, sai ranar da ƙwayar ta samu hanya ta tsallako jikin mutum. Ebola ana danganta ta da jemagu, murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 ta kaji ta zo mana, ita kuwa Lassa ɓera ne ke ɗauke da ita. Sunan ma na garin Lassa ne a jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969 bayan ta kashe wasu ma'aikatan jinya na mishan. Kun ga ke nan ba baƙuwa ba ce.

Ɓeran da ake magana wani ne mai nonuwa da yawa, yana haihuwa rututu, kuma shi cutar ba ta yi masa komai, amma tana cikin fitsarinsa da kashinsa. Da an gama girbi an fara ƙona daji sai ya rasa abinci da mafaka ya yo cikin gari, ya shiga rumbu, ya shiga sito, ya bi kan masara da garin rogo da muke shanyawa a bakin kwalta, da dare ya hau kan kwanon tuwon da aka bari a buɗe za a yi ɗumame da safe. Shi ya sa cutar ta fi tashi daga Disamba zuwa wajen Afrilu, kuma Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ta fi addaba tare da Ondo da Edo. Uwar gida, in kin ga baƙin kashin nan ƙanana kamar tsabar shinkafa a cikin buhu ko bayan tukwane, don Allah kar ki share shi a bushe ƙura ta tashi ki shaƙa, yayyafa ruwa mai bilic tukuna. Samari masu farautar ɓera a gasa, feɗewar nan da hannu ita ce haɗarin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take farawa. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro, sak maleriya ko taifot, sai a wuce kyamis a yi ta allura kwana da kwanaki, alhali maganin maleriya ko antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta nuna. Kusan mutum 8 cikin 10 ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta tsananta masa sai amai, kumburin fuska, zubar jini, ga masu ciki kuma abin ya fi muni, sau da yawa cikin ba ya tsayawa. Wasu ma sun warke amma sun kurmance.

Daga nan sai ta koma mutum zuwa mutum, ta jini, amai, fitsari, wato mai jinya ne a sahun gaba, sai ma'aikatan asibiti, sai masu wankan gawa. A 2020 har likitoci muka rasa a Kano. Ba cewa muke a guji mara lafiya ba, Allah ya kiyaye, a dai sa safar hannu, a ware masa kwano da kofi, a wanke hannu da sabulu, in kuma an yi rashi ana zargin ita ce a bar jami'an lafiya su tsaya a kan suturar.

Har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi, amma akwai magani ribavirin da ake bayarwa a asibiti, kuma ya fi amfani in an fara da wuri. Don haka zazzaɓin da ya sha maganin maleriya kwana biyu uku bai sauka ba, a tafi asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gidan, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a 6232, kyauta ne. Hatsi a zuba a durom ko bokiti mai murfi, a toshe ramuka, bola a kai ta nesa da gida.