Tsutsa mai ƙaya a akwatin kifin ruwan gishiri: tambayoyi da amsoshi

A nan Jidda 'yan uwanmu da dama na kula da akwatin kifin ruwan gishiri, wasu nasu ne, wasu na gidajen da suke aiki. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan tsutsar da ke fitowa daga cikin duwatsu da dare.

Wace irin halitta ce, kuma ta ina ta shigo?

Dangin tana ce, amma ta teku. Jikinta gaɓa-gaɓa ne kamar na shanshani, kowace gaɓa da tarin farin gashi a gefe biyu. Jinsinta ya haura dubu 10. Ba wanda ya zuba maka ita, a cikin ramukan dutsen murjani (murjani wata halittar teku ce mai gina dutse) da ka saya ta zo, tana ƙarama. Da rana takan ɓuya, shi ya sa sai ka yi wata shida ba ka san tana nan ba. In kana son ganinta, kashe fitila ka haska da jar tocila.

Ita ce ta kashe mini kifi?

Da wuya ƙwarai. Mutum ya wayi gari ya ga tsutsotsi sun yanyame mataccen kifi, sai ya ɗora musu laifi, alhali gawa suka tarar. Abincinsu ke nan: mushe, kashin kifi, da ragowar abincin da ya faɗa inda hannu ba ya kaiwa. Da sun bar shi ya ruɓe, sinadarin amoniya ne zai tashi a ruwa ya halaka sauran. Ni kam ina jin ciwo idan na ga an tarwatsa duwatsun akwati don farautar masu yi masa shara kyauta.

To babu mai cutarwa a cikinsu?

Akwai. Wadda masana ke kira Hermodice carunculata, ta Tekun Atlantika da Bahar Rum, tana cin naman murjani mai rai, ta bar shi fari fat. Sai Eunice aphroditois mai muƙamuƙi, wadda kan kai mita 3 kuma tana cafke kifi. A 2009 an gano wata babbar irinta, sama da mita 1, a wani gidan kifi na garin Newquay a Ingila, bayan ta daɗe tana ɓarna. Irin waɗannan a cire su, amma ba kasafai ake gamuwa da su ba.

Sun yi yawa, ya zan yi?

Yawansu na nuna abinci ya yi yawa ne. Rage abin da kake zubawa, cikin makonni za su ragu da kansu. In kana gaggawa, huda robar ruwa, sa guntun jatan lande a ciki, ajiye ta kan yashi da dare, da asuba ka ɗauke. Kada ka yanka ta a ruwa, domin wasu nau'o'in kowane yanki na iya zama sabuwar tsutsa. Akwai kuma ɗan kifi mai launin shunayya, Pseudochromis fridmani, ɗan asalin Bahar Maliya da muke bakinta, yana cin ƙananansu.

Na taɓa ta, yatsana na zafi. Mene ne magani?

Gashin ne ya karye a fatarka, kamar ƙayar ƙarangiya amma ya fi siriri. Kada ka sosa. Manna salatif a wurin ka ɗaye a hankali, sau biyu ko uku, ka cire na fili da hantsaki, sannan ka tsoma yatsan a ruwan khal. Idan kumburi ya ƙaru ko numfashi ya yi maka wuya, tafi asibiti nan take. Gaba kuma, sa safar hannu ta roba mai kauri kafin ka ɗaga dutse.