Muhawarar koyar da Turanci ga 'ya'yan Hausawan Legas

Koyar da Turanci ga wanda ba harshen gidansu ba fanni ne da masana suka raba gida biyu. Akwai ƙasashen da Turanci ke matsayin harshe na biyu, ana gudanar da mulki da kotu da makaranta da shi, akwai kuma waɗanda yake baƙon harshe, sai a aji kaɗai ake jin sa. A rubuce, Najeriya tana rukunin farko. Amma ga yaron Bahaushe da ya taso a Agege, Idi-Araba, Alaba Rago ko kewayen kasuwar Mile 12, wannan rabo bai cika dacewa ba. Hausa yake yi a gida, da Broka ake ciniki a bakin titi, Yarbanci yake ji wajen maƙwabta, da yamma kuma ya tafi Islamiyya ya haɗu da Larabci. Turancin littafi, wanda za a jarraba shi da shi, sau da yawa sai a bakin malami.

Tarihin abin a Legas ya daɗe. Mishan ne suka buɗe CMS Grammar School a 1859, makarantar sakandare ta farko a Najeriya, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta kafa King's College a 1909. Tun daga lokacin Turanci ya zama tsanin samun aiki. Har yau sai da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ake shiga jami'a, kuma darasi ne na dole a jarrabawar JAMB.

Babbar muhawarar ita ce da wane harshe za a fara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma yana darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba ko a Turancin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa tsarin zuwa dukan ajujuwan firamare, amma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe.

Abin da ɓangarorin biyu, masu son a fara da harshen uwa da masu son a fara da Turanci, ba su cika dubawa ba shi ne yaron da harshen gidansu daban, na garin da yake zaune daban. A Legas harshen yanki Yarbanci ne, kuma dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantu. Ke nan ko ana bin tsarin harshen uwa ko an soke shi, ɗan Bahaushe da baƙon harshe yake fara karatu. Za a ga yarinya a aji biyu tana rera jimlar da ke kan allo tare da 'yan aji, ta kwafe ta tsaf a littafi, amma a tambaye ta me ta ce, sai ta sunkuyar da kai. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma kuskure ne babba a ɗauke shi haka. Iyaye da dama, musamman 'yan kasuwa, sun fi son makarantar kuɗi da za a yi Turanci zalla, domin shi suke gani yana buɗe ƙofar aiki, kuma suna da hujjarsu.

Sai batun Broka. Wasu malamai na ganin ita ke ɓata nahawun yara, har akan hukunta ɗalibi idan ya yi ta ko ya yi harshen gida a harabar makaranta. Wasu kuma na cewa a yi amfani da ita a bayyana darasi, tunda ita ce kusan kowane yaro a aji ke ji. Tashar rediyon Wazobia FM mai shirye-shirye da Broka, da sashen Broka na BBC, wanda aka buɗe a 2017, sun ƙara mata daraja a idon jama'a.

Akwai kuma tambayar wane Turanci ne daidai, na Ingila ko na Najeriya. A 2020 ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Najeriya irin su okada, danfo da Kannywood, amma jarrabawar furucin Turanci ta WAEC har yanzu lafazin Ingila take bi, kuma a takarda ake amsa ta ba da baki ba. Ɗalibin Bahaushe yakan sha dariyar 'yan aji kan haɗa sautin p da f, ko v da b, alhali sanadin a bayyane yake: Hausa ba ta bambance su. Malamin da ya san haka cikin ɗan lokaci zai gyara, sai dai kaɗan ne daga malaman Turanci a Legas suka san tsarin sautin Hausa, kuma ajin da ya cika maƙil ba ya barin a saurari bakin kowane yaro.