Ƙananan Kasuwancin Intanet a Tsakanin Hausawan Legas

Ƙaramin kasuwancin intanet shi ne cinikin da mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan ke yi ta waya ko kwamfuta, galibi ba tare da shago ba. A Legas, wadda dattawa har gobe suke kira Ikko, sana'ar ta samu gindin zama a unguwannin da Hausawa suka daɗe, irin su Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Hajar dai ta Arewa ce: turaren wuta, humra, kilishi, dambun nama, shadda da huluna. Matan aure da dama daga ɗakinsu suke yi, don haka kusan a ce tallar da aka sani ce ta sauya faranti, ta koma WhatsApp, Instagram da TikTok.

Abin ya faro ne da shigowar wayar salula a 2001. A 2010 wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta kamfanin MainOne ta iso gaɓar Legas, sannan a 2012 aka kafa shagunan intanet na Jumia da Konga, waɗanda suka saba wa mutane da sayen abin da ba su taɓa da hannu ba. Kamfanin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, ya sauƙaƙa karɓar kuɗi da kati. Amma abin da ya jawo mai shayi da mai suya cikin harkar taransifa shi ne ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira.

Kaɗan ne daga cikin 'yan kasuwar ke da shafin intanet na kansu. Mai so yakan sayi adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, ya kama hayar ma'ajiyar shafi, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, a gina masa, sau da yawa da manhajar WordPress. Da adireshin da ma'ajiyar duka ana sabunta su ne lokaci-lokaci, kuma nan ake yawan tuntuɓe: a biya maginin shafi, a manta da sabuntawa, wata rana a wayi gari shafi ya yi ɓatan dabo.

Ko shafin na raye, sai Google ya nuna shi kafin ya kawo ciniki. Manhajojinsa kan bi shafuka su karanta, su adana, sannan su jera su bisa dacewa da abin da aka nema, saurin buɗewa a waya, da ingancin shafukan da ke nuni zuwa gare su. Ɗan kasuwa Bahaushe yana da ƙarin aiki a nan. Mai nema ba kasafai yake rubuta Legas ba, balle Ikko; Lagos yake rubutawa. Bai cika damuwa da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ ba. Kuma mai kwaɗayin kilishi a Lekki wataƙila Bayarabe ne ko Inyamuri, da Turanci zai tambaya. Shi ya sa masu dabara ke sa sunan kaya da Hausa, bayaninsa da Turanci, haɗe da sunan unguwa da farashi, su kuma yi rajista a taswirar Google, wadda kyauta ce. Hoton turare komai kyansa, in ba rubutu a tare da shi, da wuya mai nema ya iske shi.

Kaya kan taso daga Kano ko Maiduguri ta webil, wato a ba direba a tasha tare da lambar mai karɓa. A cikin gari 'yan babur ke rarrabawa saboda cunkoso. Da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a wasu yankuna a Fabrairun 2020, kamfanin Gokada ya koma kai saƙo.

Babbar matsalar ita ce amana. Mai saye na tsoron ya tura kuɗi a toshe shi, mai sayarwa na tsoron alat na bogi. Wasu kan yi wa sunan kasuwancinsu rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su buɗe asusun banki da sunan. Wasu kuwa ba sa sallamar ɗan babur sai sun buɗe manhajar bankinsu sun ga kuɗin da idonsu.